Tayar Gaba da Santsin Ruwa: Yadda Keken Hawan Dutse Ya Ke Kama Ƙasa

 

Maganarmu ta yau wasiƙa ce ta jawo ta. Wani saurayi da ke karatu a arewacin Ingila ya rubuto mana, ya ce ya shiga cikin masu wasan hawan keke a duwatsu, sau biyu ke nan tayar gaba tana zame masa a kan jiƙaƙƙiyar hanya. A faɗuwa ta biyu har ya karye a ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Abin da ya fi ba shi haushi, in ji shi, abokansa sun bi ta daidai wurin nan, sun wuce lafiya lau. To, yana tambaya, laifin keken ne, ko nasa ne? Allah ya ba shi lafiya. Amsa kuwa, kowannensu yana da rabonsa a ciki, amma sai mun bi ta a hankali.

Da farko, saboda waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan keke ba. Keke ne mai kaurin taya, mai ƙarfin jiki, an yi shi don bin tudu da gangara da daji inda babu kwalta. Asalinsa daga Kalifoniya ne, a Amurka. A shekarar 1976 waɗansu samari suka fara tseren gangaro wa wani tudu kusa da garin Fairfax a kan tsofaffin kekuna. Gangarar kuwa ta kai inda man da ke cikin birkin baya ya kan ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko, shi ya sa suka sa wa tseren suna Repack. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman don wannan aiki. Ba a yi shekara 20 ba, a 1996, wasan ya shiga gasar Olimfik a birnin Atlanta.

Me ya sa mu ke ware tayar gaba da magana, alhali kuwa tayoyi biyu ne? Dalili shi ne, keke ba ya tsayuwa da kansa. Ko da ka ga mutum yana tafiya sak kamar kibiya, in ka duba sawun tayarsa a kan rairayi za ka ga tana 'yar karkacewa dama da hagu. Duk sa'ad da keken ya fara rinjaya wani gefe, sai mahayi ya ɗan juya kan keken wajen nan, tayar gaba ta shiga ƙarƙashin nauyin ta tare shi. Yana yin haka ba fasawa, bai ma san yana yi ba. In tayar baya ta zame, da sauran dabara, gama ta gaba tana nan tana wannan aikin tarewa. Amma in ta gaba ce ta zame, mai tarewar ne ya tafi. Kafin ƙiftawar ido mutum yana ƙasa, galibi kuwa da kafaɗa ya ke sauka.

Abin da ke hana taya zamewa shi ne masana ke kira gogayya, watau ƙin da abu biyu su ke yi na su goge juna su wuce. Mu a nan sai mu ce masa kamu. Wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya bayyana ƙa'idodinsa a 1699. Ya ce kamu yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da ya danne abin, ya kuma ce faɗin wurin da abubuwan su ka haɗu ba ya ƙara kome. Ƙa'ida ta farko ku riƙe ta, za mu komo mata. Ta biyun gaskiya ce ga katako da ƙarfe, amma roba ba ta bin ta sosai. Roba in aka raba mata nauyi a wuri mai faɗi ta kan fi kamu da in an tara mata shi wuri guda.

Roba tana kama ƙasa ta hanya biyu. Hanya ta farko mannewa ce: inda roba ta taɓa dutse fata da fata, ƙwayoyinsu su kan riƙe juna na ɗan lokaci, su saki, su sake riƙewa. Ka goga babban yatsanka a kan busasshen gilashi, za ka ji yana cijewa. Ka jiƙa gilashin ka sake gwadawa, sai ka ji sulɓi. Ruwa ya shiga tsakani, ko da kaurinsa bai kai na gashi ba, ya raba su. Wannan hanya ta farko ita ruwan sama ke kashewa.

Hanya ta biyu ita ce ruwa ba ya iya wa, don haka ita ce abin dogara ranar ruwa. Babu dutsen da ya ke sumul ƙwarai. Kowanne yana da 'yan ƙuraje da kaushi. In roba ta bi ta kansu sai ta lotsa, ƙurjin ya nutse cikinta. Ba ta kuwa komawa yadda ta ke nan da nan, sai ta ɗan yi nawa, ƙarfin da aka danna ta da shi ta haɗiye wani sashe ta mai da shi zafi. Wannan nawa da haɗiyar ƙarfi su ke jan taya baya, su hana ta zamewa. Masana biyu a Kambirij, Greenwood da Tabor, sun nuna haka a 1958, da su ka riƙa jan abubuwa masu tauri a kan robar da aka shafe da abin santsi. Sun ga cewa in an kawar da mannewa, kamun da ya rage daga wannan haɗiyar ƙarfi ya ke fitowa.

Kowa yana iya gwada wannan a gida. Ka sami ƙwallon roba biyu, ka sake su daga tsawo ɗaya. Wanda ya yi tsalle sama, ya mayar da ƙarfin da aka ba shi. Wanda ya faɗi tim ya kwanta, ya haɗiye. To, robar da ta fi kyau ga tayar gaba a ranar ruwa ita ce irin ta biyun, matacciya, mai laushi. In ka je sayen taya, ka kama haƙori ɗaya ka murɗa ka saki. In ya koma da sauri kamar ɗanko, tayar rani ce. In ya koma a hankali kamar mai jin barci, ita ka ke nema. Masu sana'ar suna auna taurin roba da ma'aunin da a ke kira Shore. Taya mai tauri ta kan kai wajen 60 a ma'aunin, mai laushi kuwa 40 da 'yan kai. Sai dai kowane abu da kuɗinsa. Roba mai laushi tana saurin cinyewa, tana kuma sa keke nauyin tuƙi, tun da ƙarfin da ta ke haɗiyewa daga cinyar mahayi ya ke fitowa. Saboda haka gwanaye su kan sa mai laushi a gaba, mai ɗan tauri a baya. Ni a ganina, in kuɗin mutum na taya ɗaya ne kaɗai, to ya kashe su a gaba. Sanyi kuma yana sandarar da roba, tsufa ma haka. Tayar da ta shekara uku a rataye a ɗaki tana iya zama da haƙoranta cif, amma ta bushe kamar ƙirgi.

A nan bari in ɗan ratse. Mai wasiƙar ya ce wani ya gaya masa wai tayarsa ce ta hau kan ruwa ta yi iyo, kamar yadda ya kan faru ga mota. Ba haka ba ne. A 1963 masanan hukumar NASA sun fitar da lissafi don tayoyin jiragen sama, wanda ke nuna gudun da taya za ta kai kafin ruwa ya ɗaga ta. Bisa wannan lissafi, tayar da ke da iska fam 25 sai ta wuce mil 50 a sa'a tukuna. Tayar keke kuwa siririya ce, bakinta a zagaye, tana tsaga ruwa kamar kwalekwale. Ba iyo ta yi ba. Ɗan laimar da ke kan dutsen, da gansakuka, da ruɓaɓɓen ganye, su ne su ka kayar da shi.

Sai maganar iska, wadda ita ce gyara mafi araha, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Tun da John Dunlop, likitan dabbobi a Belfas, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1888, mutane su ka ɗauka cewa kyawun taya ta cika tam. A kan kwalta da ɗan gaskiya. A kan dutse kuwa kuskure ne. Ga lissafin. Mu ce mahayi da kekensa sun yi fam 200, watau wajen kilo 90. Mu ce kashi 40 cikin 100 na nauyin yana kan tayar gaba, fam 80 ke nan. In an bugo mata iska har fam 40 a kan kowane inci murabba'i, to abin da zai taɓa ƙasa bai wuce inci murabba'i 2 ba, kamar kan sarki biyu na wasiƙa. In aka rage iskar zuwa fam 20, wurin ya zama inci murabba'i 4. Lissafin ba cif ba ne, gama jikin tayar ma yana ɗaukar wani abu, amma ya nuna hanya. Ran mutum ke nan a kan ɗan wurin da bai kai tafin hannun jariri ba.

Ba faɗin kaɗai ba ne amfanin. Taya mai tauri in ta gamu da saiwar itace ko tsakuwa sai ta yi tsalle, muddin kuwa tana sama ba ta da kamu ko kaɗan. Mai sassauci sai ta lanƙwashe ta rungume saiwar ta wuce. Amma akwai iyaka. In iska ta yi kaɗan ƙwarai, tayar za ta naɗe a kwana, ko kuwa dutse ya matse tub da bakin wili ya huda shi wuri biyu kusa da juna, hujin da mahaya ke kwatantawa da saran maciji. Don gudun wannan aka fito da taya marar tub. Kamfanonin Mavic da Michelin da Hutchinson su ka fitar da tsarinta a 1999, yanzu kuwa a kan zuba wani farin ruwa mai danƙo a ciki don ya toshe ƙananan huji da kansa. Da irin wannan taya, mai faɗin inci 2.4, matsakaicin mutum ya kan sa tsakanin fam 20 da 24 a gaba, ya ƙara 2 ko 3 a baya. Ranar ruwa ya rage fam 1 ko 2. Lalle a auna da geji, latsawa da yatsa ba awo ba ne. Ga kuma abin da mazauna ƙasashen sanyi ya kamata su sani: in ka bugo fam 22 a ɗaki mai ɗumin digiri 20, ka fita waje inda ruwa ke daskarewa, iskar za ta ragu da wajen fam 2 da rabi ba tare da huji ba.

Duk wannan magana ta dutse ce da saiwa. Taɓo kuwa sha'aninsa dabam. Ku dubi raƙumi. A kan rairayi ba mai kama shi, saboda faffaɗan tafinsa mai laushi. Amma in ya shiga laka sai ka tausaya masa, ƙafafu su yi ta rabewa. A cikin taɓo ba roba ce ke rabuwa da ƙasa ba, ƙasar ce ke rabuwa da 'yar'uwarta: ta sama ta manne wa taya, ta zame a kan ta ƙasa. Laushin roba ba shi da amfani a nan. Abin da a ke so dogayen haƙora ne masu tsini, da za su huda caɓin su kai ga ƙasa mai ƙarfi, kamar ƙusoshin takalmin 'yan ƙwallo. A kuma bar fili mai yawa tsakaninsu, don lakar ta riƙa zubewa in taya ta juya. In haƙora sun yi kusa da juna, yumɓu ya cike tsakaninsu, sai ka koma kamar mai hawa suɗaɗɗiyar taya. Wahalar ita ce, dogon haƙori in ya hau kan dutse sai ya tanƙware ya yi rawa. Don haka masu tsere wani lokaci su kan sa almakashi su rage tsawon haƙoran tsakiya, su bar na gefe. In kuma ka duba kan haƙoran za ka ga an tsattsaga su da 'yan layuka. Ba ado ba ne. Tsagar tana sa haƙori ya buɗe ya ƙara baki mai kaifi da zai share ruwa. Wani Ba'amurke, John Sipe, ya yi rajistar dabarar a 1923.

Yanzu mu komo ga ƙa'idar Amontons ta farko, gama ina zaton a nan ne mai wasiƙarmu ya faɗi. Kamu yana bin nauyi. Tayar da ba a danne ba, ko da robar wace iri aka yi ta, ba za ta kama ba. To, me mutum ya ke yi in ya hango gangara mai santsi? Tsoro ya kan sa ya ja jiki baya, ya miƙe hannuwa, ya koma can bayan sirdi, yana gudun kada ya kifa ta gaba. Da yin haka ya kwashe nauyi daga tayar da ta fi bukatarsa. Abin da ya ke gudu shi ya ke kira. Kekunan yanzu ma sun ƙara tsananta wannan. A shekarun 1990 ƙafafun da ke riƙe da wilin gaba suna tsaye ne wajen digiri 71. Na yanzu da yawa sun kwanta zuwa 64 ko 65, wilin ya yi nisa can gaba. Wannan yana hana kifewa, amma sai mahayi ya bi wilin da jikinsa. Ya tsaya a kan feda, ya sauke sirdi, ya lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu, haɓarsa tana bisa kan keken, yana jin ɗan nauyi a tafin hannuwansa. In kan keken ya yi sama da yawa, a sauke shi kaɗan.

Wanda ya ke so ya ga wannan da idonsa, ya nemi hoton tseren duniya na gangara da aka yi a Champéry, ƙasar Suwizalan, a watan Satumba na 2011. Hanyar tana cikin mafi tsananin gangara a wannan wasa, ga ruwa ana shekawa, gwanaye suna ta zubewa. Sai wani yaro ɗan shekara 19 daga Ingila, Danny Hart, ya gangaro kamar ba a yi ruwa ba, ya ba na biyu ratar fiye da sakan 11, a wasan da a kan yi nasara da abin da bai kai sakan ɗaya ba. Tayoyin abokan tserensa ba su fi nasa muni ba. Ku lura da inda ƙirjinsa ya ke a kowace kwana.

Saura birki. Kamun da taya ta ke da shi kamar kuɗin cefane ne: abin da ka kashe wajen tsayawa ba za ka same shi wajen juyawa ba. Sai dai rabon ba na ɗebewa kai tsaye ba ne, yana bin lissafin alwatika mai kusurwa a miƙe. In dukan kamun 5 ne, ka kashe 3 a birki, saura 4 na kwana. In ka kashe 4, saura 3. In ka kashe 5 ɗin duka, ba sauran kome, kana juya kan keke za ka tafi. Ma'anar wannan ita ce, ɗan taɓa birki a kwana ba ya kayarwa, damƙewa ce ke kayarwa. Ka gama rage gudu tun keke yana miƙe, ka saki birkin gaba, sa'an nan ka shiga kwanar. Ko a miƙen ma, a matsa a hankali. Birki yana turo nauyi gaba, nauyin kuwa yana ƙara kamu, amma sai an ba shi ɗan lokaci ya iso. Wanda ya fizga gaba ɗaya ya kulle tayar tun nauyin bai zo ba.

Gudun da za a rage kuma ba kamar yadda a ke zato ba ne. Kamun da kwana ke bukata yana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa: ka ninka gudu sau 2, kana bukatar kamu sau 4. In ruwa ya raba kamu biyu, ba sai ka raba gudunka biyu ba. Ka koma wajen kashi 70 cikin 100 na gudun rani, lissafi ya daidaita. Wanda ya saba shan wata kwana da mil 20 a sa'a, sai ya sha ta da 14.

Jiƙaƙƙiyar saiwa da ɓawonta ya saɓule, da gadar katako mai gansakuka, waɗannan babu tayar da ta iya musu, gama ba su da kaushin da roba za ta nutsa a ciki. Sai a tsallake su a gicciye, keke a tsaye cak, hannu ba ya kan birki, a bar juyawa sai an kai ga ƙasa. In saiwar ta bi tsawon hanya a karkace, sauka a tura ba abin kunya ba ne.

Shokazobar gaba ma tana da hannu a ciki. Aikinta ta riƙe tayar a ƙasa. In mahayi ya tsaya a kan keke, ya kamata ta nutse wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsawon tafiyarta, don ta sami abin miƙawa in taya ta faɗa rami. Man da ke cikinta yana yin kauri da sanyi, ta yi nawar dawowa, sai a ɗan sassauta mata. A kuma ɗaura ɗan madigadi a gaba. Wanda laka ta rufe wa ido ba ya zaɓen inda zai sa taya.

Masu saurarenmu da ke hawan keken Raleigh ko Phoenix zuwa kasuwa da damina, kada su ce wannan maganar 'yan wasa ce kawai. Wanda ya ɗaura buhun masara a kariya, can bayan wilin baya, ya yi daidai abin da tsoro ke sa ɗan wasa ya yi: ya ɗage nauyi daga tayar gaba. Shi ya sa kan keke ya ke rawa a kan jar laka. Ya jawo kayan gaba kusa da sirdi gwargwadon iko, ya rage wa tayar gaba iska kaɗan, in kuma ɗaya daga cikin tayoyinsa ta fi haƙora, ya mai da ita gaba. Birkinsa kuwa na roba ne mai matse bakin wili, wanda in ya jiƙe ba ya kamawa sai wili ya juya ya share ruwan, sa'an nan ya cafke gaba ɗaya. Sai ya riƙa ɗan taɓa shi tun daga nesa don ya bushe, kafin ya iso gangarar rafi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya sa keke mai tafiya ba ya faɗuwa ko da an saki hannu. Sai mun sadu.